Wane baƙin mai zan zuba wa babur ɗina, kuma yaushe zan riƙa yin juye?

Tambaya: Na sayi sabon babur mai 150cc, irin wanda iska ke sanyaya injinsa. Littafinsa ya ce a zuba 10W-40, a yi juye duk kilomita 3,000. Yayana yana da ragowar man motarsa, 5W-30 sintetik mai tsada, ya ce in zuba shi don ya fi kyau. Bakanike kuma ya ce 20W-50 zan zuba, in riƙa kawo masa juye duk mako biyu saboda man yana saurin yin baƙi. Tafiyata gajera ce, kamar kilomita 20 a rana, cikin cunkoso da ƙura. Maganar wa zan bi?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya sanya alheri, Ya tsare hanya. Bari in fara ba ka hukuncin kafin dalilai. Kada ka zuba man motar yayanka, komai tsadarsa. Ka nemi 10W-40 na babur wanda aka rubuta 4T (wato na injin bugu huɗu) da JASO MA ko MA2 (ma'aunin man babur na Japan) a jikin robarsa. Ka yi juyen farko a lokacin da littafin ya faɗa ba tare da jinkiri ba, daga nan kuma, da irin tafiyar da ka kwatanta, ka riƙa yi tsakanin kilomita 1,500 zuwa 2,000, wato kusan duk wata uku ke nan a wurinka. Na shekara da shekaru ina buɗe irin waɗannan injina, kuma zan so ka fahimci dalilin kowace magana, don gobe wani ba zai ruɗe ka ba.

Tushen zancen duka abu ɗaya ne. A mota, man inji yana gefensa, man giya yana gefensa, kuloci kuma a bushe yake aiki, mai ba ya taɓa shi. A yawancin babura masu giya, ɗaki ɗaya ne ya haɗa ukun. Man da ke shafe fistin da karanshaf shi ne ke ratsa haƙoran giya, kuma cikinsa faifan kuloci ke wanka. Ka ga lita ɗaya tana yi wa iyayen gida uku aiki, kuma buƙatarsu ta saɓa. Inji yana son santsi. Giya tana son man da zai jure matsa. Kuloci kuwa yana son man da zai sanyaya shi amma ya bar shi ya kama.

A nan ne man mota ke yin ɓarna. Tun wajen shekarun 1990 masu haɗa man mota suka karkata ga rage shan fetur, sai suka riƙa sa masa sinadaran ƙara santsi, irin masu molibdenum. Ga mota wannan riba ce. Ga kulocin da ke cikin mai kuwa, kamar ka shafa wa tafin hannunka sabulu ne ka ce za ka riƙe igiya. Ɗauki robar yayanka ka juya bayanta. Za ka ga wani tambari zagayayye na API, cibiyar man fetur ta Amurka mai fitar da ma'aunin ingancin man inji, kuma idan a ƙasan zagayen an rubuta Energy Conserving ko Resource Conserving, to man ne da aka yi don santsi. Yawancin man mota 5W-30 da 0W-20 suna ɗauke da wannan rubutu.

Na taɓa karɓar wani babur da mai shi ya ce ba ya jan hawa. Na hau, na sa giyar ƙarshe, na murɗa totur gaba ɗaya. Inji ya ɗauki kuka, allurar gudu kuwa tana nan inda take, sai daga baya ta fara rarrafawa. Da na buɗe murfin kulocin, warin ƙuna ne ya fara dukan hancina. Faifan ƙarfen sun yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, masu fatar kuma sun yi sumul suna ƙyalli kamar an goge su da kwalba, ka sa farce ba abin da zai riƙe. Na tambaye shi man da yake zubawa, ya nuna mini robar man mota mai kyau ƙwarai, na asali, juye biyu ya yi da shi. Ya kashe kuɗi don ya kyautata wa babur ɗinsa, abin ya zama sanadin sayen sabbin faifai. Idan an farga da wuri, sau da yawa juye ɗaya ko biyu da man da ya dace yana wanke santsin kuloci ya dawo daidai. Idan faifan sun riga sun ƙone, sai canji, kuma a jiƙa sabbin cikin man da za a yi aiki da shi kafin a ɗaura.

Wannan matsala ce ta sa masana'antar ƙera babura ta Japan, inda Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki suke, ta fito da ma'aunin JASO T 903 a 1998. An raba man babur mai bugu huɗu gida biyu: MA ga kulocin da ke cikin mai, MB kuma mai santsi ga wanda kulocinsa ke bushe. A 2006 aka sake raba MA zuwa MA1 da MA2, inda MA2 ya fi ba kuloci riƙo. Ko wanne ka samu cikin MA da MA2 ya ishe ka. MB na sikuta ne masu tafiya da bel, waɗanda ba a sa musu giya. Akwai wani tarko a nan da mutane ke faɗawa: ƙananan babura irin zubin Honda Super Cub, waɗanda ake sa musu giya da ƙafa amma ba su da hannun kuloci, kulocinsu yana cikin mai, don haka su ma MA suke so. Rashin hannun kuloci ba ya nufin busasshen kuloci.

Ma'aunin na JASO bai tsaya kan kuloci kaɗai ba, yana kuma duba yadda mai ke jure niƙar giya. Man da ke da lamba biyu kamar 10W-40 yawanci ana sa masa wasu dogayen ƙwayoyin sinadari da ke hana shi tsinkewa idan ya yi zafi. Haƙoran giya suna yanka waɗannan ƙwayoyi kamar almakashi. Shi ya sa man da ka zuba yana 40, bayan 'yan dubban kilomita yakan koma kusa da 30. A injin mota ba ya gamuwa da wannan niƙa, don haka ba a haɗa man mota da ita a rai ba.

Sai lambobin. Harafin W daga kalmar hunturu ta Turanci aka ɗauko shi, kuma lambar da ke gabansa tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi: ƙaramar lamba, saurin gudana. Lamba ta biyu kauri ce idan man ya kai zafin digiri 100. A ma'aunin SAE, wanda daga cikinsa waɗannan lambobi suka fito, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5 cSt (awon kaurin abu mai ruwa), mai 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai 50 kuma daga 16.3 zuwa 21.9. Don ka samu abin kwatance, ruwan sha kaurinsa kusan 1 ne. Ke nan 20W-50 ya fi 10W-40 kauri da safe, ya kuma fi shi kauri da rana tsaka.

Mutane da yawa sun ɗauka mai kauri shi ne mai ƙarfi. Suna murza shi tsakanin yatsa biyu, idan ya yi danƙo su ce wannan shi ne mai. Amma ka tuna inda man zai je. Daga ƙasan inji famfo zai tura shi ta wata siririyar hanya har saman kai, inda kam da rokoki suke. Da ka tayar da inji da safe, waɗannan ƙarafa suna gogar juna da ɗan abin da ya rage musu na jiya har sai sabon mai ya iso, kuma mai kauri ya fi jinkirin isowa. Babban kaso na cin da inji ke yi a waɗannan daƙiƙoƙin farko yake faruwa. Sabon inji kuma ratar da ke tsakanin ƙarafansa matsattsiya ce. Kai da tafiyarka gajera ce, kana tayar da inji sau da yawa a rana, ka fi kowa buƙatar man da ke saurin hawa sama. Wanda ya gudu daga tsinkewar mai ya je ya zuba mai kaurin da ba ya isa kai da wuri, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Ba ina cewa 20W-50 mugun mai ba ne. Akwai babura da littafinsu shi ya ambata, kuma da yawa suna da wani jadawali da ke nuna kaurin da ya halatta gwargwadon zafin gari. Buɗe naka ka duba. Idan 20W-50 yana cikin jadawalin, ba zai kashe maka inji ba, kuma idan babur ya tsufa, ringi ya saki, ya fara shan mai, ni kaina nakan koma masa. Amma sabon inji da aka rubuta masa 10W-40, ban ga dalilin sauya masa ba. Wasu sababbin baburan Honda ma 10W-30 aka rubuta musu. Waɗanda suka ƙera injin sun san faɗin hanyoyin da suka huda masa.

Akwai kuma harufan API da za ka gani, S da wani harafi a bayansa. Harafin na biyu yana hawa ne da zamani: SJ ta fito a 1996, SL a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Yawancin littattafan babura suna cewa SG ko sama da haka. Duk wanda ka samu daga SJ zuwa sama, matuƙar JASO MA na tare da shi, ya yi. Wanda aka rubuta SA ko SB, ko wanda ba shi da harafin ma sam, ka ajiye shi inda ka gan shi, domin SA ba shi da sinadaran kariya ko kaɗan. Kada kuma ka haɗa 4T da 2T. Man 2T na injin bugu biyu ne, ana ƙona shi tare da fetur, kuma ma'auninsa daban, FB da FC da FD.

Game da mineral (man da aka tace daga ɗanyen mai) da sintetik (wanda aka haɗa da sinadarai), ra'ayina a fili yake. Sintetik ya fi jure zafi, ya fi daɗewa bai lalace ba, kuma maganar da ake yi cewa yana sa kuloci zamewa ba ta da tushe. Abin da ke sa zamewa sinadarin santsi ne, kuma sintetik mai JASO MA2 yana riƙe kuloci sarai. Sai dai sintetik ba ya fitar da datti daga cikin inji. Ƙura da garin ƙarfe da burbushin fatar kuloci suna nan suna yawo a cikinsa kamar yadda za su yi a cikin mai araha. Ga ƙaramin inji irin naka, mineral mai kyau ko rabin-sintetik da ake juyewa a kan lokaci ya fi mini sintetik mai tsada da mutum zai bari ya daɗe saboda yana jin zafin kuɗin da ya kashe. Idan aljihunka zai ɗauki sintetik kuma ka juye shi a kan kari, madalla, musamman ga mai yawan tsayuwa a cunkoso.

Yanzu ga batun lokacin juye, wanda shi ne ya fi jawo gardama. Za ka ji wani yana cewa shi sai ya yi kilomita 10,000 ko 12,000 yake juye, kuma gaskiya yake faɗa. Babban babur ne gare shi, mai ɗaukar lita uku ko huɗu, ruwa ke sanyaya shi ta lagireto, yana da filtar takarda da ke tace ƙananan datti. Naka kuwa kusan lita ɗaya yake ɗauka, iska ce kawai ke sanyaya shi, kuma a kan buɗaɗɗiyar hanya yana juyawa sau dubu bakwai ko takwas a minti. Da yawa daga cikin irinsa ba su da filtar takarda, sai 'yar raga mai tare manyan ɓarɓashi da wani ɗan kofi mai juyawa da ke wurga datti jikin bangonsa. Mai kaɗan, zafi da yawa, tacewa kaɗan. Lissafin babban babur bai shafe ka ba.

Kilomita 3,000 da littafinka ya faɗa kuma an yi shi ne da tunanin tafiya matsakaiciya. Littattafai da yawa suna da ɗan rubutu a ƙasan jadawalin sabis cewa a ƙara yawan kulawa idan ana hawa cikin ƙura ko wahala, kuma abubuwa ukun da ka lissafa duka wahala ce ga mai. A cunkoso inji yana aiki, iska ba ta busa shi, mai yana dahuwa, mita kuwa ba ta ƙirga ko kilomita ɗaya. Masana man inji suna da ƙiyasin da suke aiki da shi, cewa idan mai ya riga ya yi zafi, duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewarsa. Gajeriyar tafiya kuma illarta ta wani gefen ce: inji bai kai ga yin zafin da zai ƙone raɓar da ta taru a cikinsa ba, ɗanyen fetur da ya zurara ta gefen ringi lokacin da aka ja cok shi ma yana nan, sai su tsinka man su sa shi tsami. Ƙura kuwa yashi ne, idan ta wuce filtar iska ta shiga mai, sai ya zama kamar man wasa wuƙa. Wannan ya sa na ce ka rage lissafin littafin zuwa rabi ko kashi biyu cikin uku. Ko da kuwa ka ajiye babur ɗin ba ka hawa, kada mai ya wuce shekara a ciki, ni a irin naka wata shida nake ba shi.

Bakanikenka fa? Ina jin na san inda maganarsa ta samo asali. Mai sana'a da babur da ke yin kilomita 150 a rana, cikin mako biyu ya haura 2,000, don haka juyen mako biyu daidai ne a gare shi. Bakaniken ya saba da irin waɗannan ne ya auna ka da mudunsu. Kai a mako biyu kilomita 280 kacal ka yi. Juye a wannan lokaci zubar da lafiyayyen mai ne, kuma yawan kwance notin juye yana cinye zaren da ke jikin alminiyom, wanda gyaransa ya fi juyen ciwo.

Hujjar baƙi kuma ba hujja ba ce. Ana sa wa mai sinadaran wanki da ke kwaso hayaƙi da datti su riƙe su a cikinsa, kada su kwanta a jikin ƙarfe. Man da ya yi duhu bayan 'yan ɗaruruwan kilomita aikinsa yake yi. Ni wanda ke tsorata ni shi ne man da ya yi kilomita 2,000 ya fito garau, domin sai in tambayi kaina ina dattin ya tafi. Alamomin da za ka kula da su daban ne. Idan giya ta fara tauri, ko firi ya fara wuyar samuwa alhali igiyar kuloci daidai take, man ya gaji. Idan ka shinshina geji ka ji warin fetur sosai, ko ka ga man yana ƙaruwa da kansa, kafireta ce ke zubar da fetur cikin inji, a gyara ta a yi juye nan take. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, ko ta wanki ko ta tsallaka ruwa mai zurfi, kada ka ƙara ko kilomita ɗaya da shi.

Juyen farko shi ne wanda ba na yarda a yi wasa da shi. Yawanci tsakanin kilomita 500 da 1,000 ne, ka bi abin da naka littafin ya ce. Ranar ka tsaya da kanka, ka sa a tari man a cikin tsaftataccen faranti, ka fito da shi rana ka ɗan karkata shi. Za ka ga wani gari mai sheƙi yana yawo a saman man kamar an barbaɗa hodar azurfa. Sabbin ƙarafa ne ke goge wa juna kaifi, kuma a juyen farko wannan ba abin damuwa ba ne. A juye na biyu ya kamata ya ragu ƙwarai. Idan ka ci gaba da ganinsa a na uku da na huɗu, ko ka ji ɓarɓashi a yatsa, akwai abin da ke ci a ciki.

Akwai abin da ya fi zaɓen mai da lokacin juye kashe injina, kuma ba ka tambaye ni shi ba, amma ba zan iya yin shiru ba. Injinan da suka buga da aka kawo mini, mafi yawansu ƙarancin mai ne ya kashe su. Injin da iska ke sanyayawa yakan ɗan ƙona mai ko da lafiyarsa ƙalau, kuma a injin lita ɗaya, rasa kofi guda rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne. Ragowar sai ya ƙara zafi, ya ƙara saurin ƙonewa, har ranar da famfo zai ja iska. Ka mayar da duba geji al'ada duk mako. Tayar da inji na minti uku zuwa biyar, kashe shi, jira minti biyu ko uku man ya sauko, tsayar da babur a miƙe a wuri mai daidaito, kada ya jingina a kan jak ɗin gefe. Zaro geji, goge, mayar. A babura da yawa ɗora shi kawai ake yi ba tare da an murɗa ba, kuma bambancin murɗawa da rashinta ya isa ya yaudare ka, don haka duba littafi. Man ya tsaya tsakanin layi biyun. Kada kuma a cika ya wuce layin sama da sunan ƙauna: karanshaf zai kaɗa shi ya yi kumfa, ya tura shi akwatin filtar iska, ya matsa wa sil har ya fara yoyo.

Ranar juye, a yi shi inji na da ɗumi don datti ya biyo man. A ciro ragar nan a wanke, a duba washar noti, idan ta baje a canza. A fara ɗaura notin da hannu kafin a sa sifana, kuma a ɗaure shi daidai ba da ƙarfin tsiya ba. Kada ka yarda a wanke cikin inji da fetur ko kananzir, domin abin da ya maƙale zai tsinka sabon man. Busa iskar kwamfaresa a ciki ma ba na so, tana tafe da raɓa. Waɗannan magungunan da ake sayarwa a ƙananan gwangwani a ce suna ƙara wa mai ƙarfi ko santsi, ka nisanta su da kulocinka. Ka sayi mai a rufe, ka duba hatimin murfinsa, a fasa shi a gabanka, domin jabun mai ya yi yawa a duniya kuma rubutun JASO a jikin robar da aka sake cikawa ba ya amfana komai. Tsohon man a tara shi a jarka a kai wa masu karɓa, kada a zubar a ƙasa ko kwata, kuma a wanke hannu da sabulu, yawan zamansa a fata ba shi da kyau. Duk juye biyu ka sa a duba filtar iska, tunda ka ce hanyarka da ƙura.

Ka samu ɗan farin salatif ka manna a ƙarƙashin kujera, ka riƙa rubuta kwanan wata da kilomitar kowane juye da irin man da aka zuba, ka kuma ajiye rasit. Idan a watannin farko ka ga geji yana sauka daga layin sama zuwa na ƙasa kafin lokacin juye ya yi, ko salansa na fitar da hayaƙi mai shuɗi, ka koma wurin dilan da ya sayar maka da wannan rubutu a hannunka tun garanti bai ƙare ba.